Sawun Khalil a Tsohon Shinge

Ranar da aka kwashe shingen bakin layinmu a Bulumkutu, mata har guɗa suka yi. Aka ɗora durom huɗun nan da buhunan yashi a mota aka tafi da su, layi ya buɗe kamar ba a taɓa tare shi ba. Ni dai ban yi murna ba. Shekara biyu muna bin ƙa'idar wurin: mai mota ya kashe manyan fitilu ya kunna ta ciki don a ga fuskarsa, mai keke napep ya kashe inji ya zare makulli ya sauko ya tura. Na kira ɗana Ibrahim Khalil na ce kada ya yarda da wannan buɗewar, wataƙila ana laɓe ne ana kallon wanda zai yi ganganci. Na ce ya ci gaba da sauka yana turawa har ranar da zan ce ya daina.

Ya yi dariya ya ce, "Baba, kai ko inuwarka ce ta tsayar da kai sai ka nuna mata katin shaida."

Amma ya yi mini alkawari, kuma Khalil ba ya saɓa mini. Da na san inda maganar nan za ta kai shi, da na haɗiye ta.

Sunana Abdulsalami. Wankin hula nake yi a Kasuwar Litinin, a rumfar da mahaifina ya bar mini tun zuwansa daga Kano. A shekarar da nake ba da labarinta an katse layin waya a Borno gaba ɗaya. Matata Ammatullahi ta riga ta tafi Kano da ƙananan yara, gidan ya rage ni da Khalil, mai shekara ashirin da uku. Shi ke kawo mana ƙosai da safe, ni ke dafa shayi.

Kwana shida bayan kwashe shingen, ya fita bayan sallar asuba da sauran duhu, zai ɗauko masu kayan miya. Bai daɗe da fita ba muka ji harbi daga can gefen gari. Kowa ya ja ƙofarsa. Da aka yi shiru rana ta fito, aka tsinci keken a kife a bakin layi, daidai inda shingen yake a da. Khalil yana kwance a gefe, rigingine, jini a ƙeyarsa. Inji a kashe, fitila a kashe, makulli a aljihunsa.

*

Kafin azahar unguwa ta gama yanke hukunci. Ya Kaltum mai ƙosai, wadda ke suya a ƙofar gidanta kusa da wurin, ta ce ta ga mota ba fitila ta shigo layin. To wa ke yawo ba fitila da safiyar da aka yi harbi? Yaran daji. Kuma me ɗan Abdulsalami ke yi a tsaye cikin duhu, inji a kashe, a wurin da babu sauran mai tsayar da kowa? Jiran su yake yi, in ji mutane, sai dai lissafi ya ɓaci a tsakaninsu.

Na je wurin Bulama, mai unguwarmu, na faɗa masa ni na sa yaron ya riƙa sauka yana turawa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya ji, amma kowane uba haka zai faɗa.

A masallaci ba wanda ya ce mini komai. Sai dai in an tayar da salla, na dama da ni ya ɗan matsa, na hagu ma ya ɗan matsa, in tsaya da iska a kafaɗu biyu. A kasuwa masu kawo hula suka fara aiko a karɓo musu tun ba ta bushe ba.

A asibiti Khalil bai farka ba. Samarin unguwa masu gora, 'yan sintiri, suka ajiye benci a ƙofar ɗakin, mutum biyu suna zaune suna jiran ya buɗe ido su tafi da shi ya amsa tambaya. Ban ga laifinsu ba, kowannensu ya binne wani nasa. Amma na san ba kowa ke dawowa daga irin wannan tambayar ba. Sai na wayi gari ina tsoron kada ɗana ya ƙi farkawa, ina kuma tsoron ya farka.

*

Ƙungiyar masu keke ta tilasta wa kowa yin inshora, Khalil kuma ya yi babbar, wadda ta haɗa da jinyar direba. Likita ya ce akwai aikin da ya kamata a yi masa a kai, kuma ba a garin nan ba. Rana ta takwas na ɗauki takardar na tafi ofishin kamfanin.

Ma'aikata duk sun gudu, saura mace ɗaya, Madam Phoebe, tana fifita da fayil. Ta karanta rahoton da aka rubuta kan hatsarin, ta buɗe shafin baya na takardar Khalil, inda rubutu yake ƙanana kamar ƙwan kifi. Ta bi da yatsa tana fassara mini. Kamfani ba ya biyan abin da yaƙi ko tarzoma ko ta'addanci ya jawo. Rahoto kuwa ya ce motar da ake zargin ta 'yan ta'adda ce.

Na ce mata a garin nan ko tuntuɓe mutum ya yi ai ana iya cewa yaƙi ne ya jawo.

Ta ce ta sani, rabin fayilolin da ke bayanta a kan wannan layin suka mutu. Amma in motar mutumin gari ce, inshorarsa za ta biya. In ba shi da inshora, takardar Khalil tana da sharaɗin da ya rufe wannan ma. Sai dai dole a kawo mota, a kawo direba, a gyara rahoto.

Na ce, "Madam, in aka gyara rahoton, za a ɗauke bencin nan daga ƙofar ɗana?"

Ta dube ni ta ajiye fayil ɗin. Ta ce wannan ba aikin kamfani ba ne, amma akwai wani tsoho daga yankinsu, Dzarma, mafarauci ne kafin a ƙone ƙauyensu. Yanzu gadi yake yi a wani gida a Bulumkutu wanda masu shi suka koma Abuja. Ta ce a garinsu ko akuya ta ɓata shi ake kira.

*

Na san shi da gani, ban taɓa sanin sunansa ba. Siririn tsoho ne mai ƙanƙance ido, yana zaune a ƙofar ƙaton gida shi kaɗai da tukunyarsa. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce shi barewa ya saba bi, ita ma rabonsa da ganin ta shekara biyu. Sannan ya tambaye ni kwana nawa. Na ce tara. Ya ce kwana tara a cikin gari, ai ƙafafu sun cinye komai.

Na ce ba wanda ya sake bin wurin. An ce wataƙila an binne wani abu a yashin, kowa ya koma zagayawa ta bayan makaranta.

Ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda hadari ya fara taruwa tun kwana biyu. Ya sa takalminsa ya ce, "Malam, tsoron mutanenku ya yi maka gadi. Mu je kafin sama ta share."

Bakin layinmu yashi ne, kwalta ba ta shigo ba. Dzarma ya ce in tsaya a bayansa, in taka inda ya taka. Ya daɗe a tsugune yana duban yashin. Sai ya nuna mini layi uku na tayar keke, da sawun ƙafa a gefensu na dama. Ya tambaye ni ko takalmin ɗana yana da faci a dunduniyar hagu. Na ce ni na kai aka yi masa facin.

Ya ce in dubi yadda yatsu suka nutse, dunduniya ba ta taɓa ƙasa sosai ba. Haka sawun mai tura abu mai nauyi yake. Muka bi yana ƙirgawa a hankali, taku arba'in da ɗaya, daga inda ake sauka a da har inda keken ya kife.

Ya ce, "Mai jiran wani tsayawa yake yi, ya tattake wuri guda. Wannan wucewa yake yi."

Na tsuguna kusa da sawu na ƙarshe. Ban taɓa shi ba. Kwana tara ina kallon ɗana kwance ba motsi, ga shi nan a yashi yana tafiya, yana cika mini alkawari.

Dzarma ya bar ni ya koma kan sawun motar. A-kori-kura ce, in ji shi, da kaya masu nauyi, tayoyinta sun suɗe. Daga waje ta shigo, a hankali. Sannan ya tsaya yana karkata kai. Sawun ya kauce hagu, ya dawo dama, ya sake kaucewa hagu, alhali yashin fili ne fetal, babu ko dutse. Na ce ko direban a buge yake. Ya ce ɗan maye ba ya yin lanƙwasa uku daidai wa daida.

Inda aka tsinci Khalil, ya tono wani abu da tsinke ya zuba a tafin hannunsa. Garin katako ne, ya dunƙule, kuma a wuri ɗaya tak yake, faɗinsa bai wuce faifai ba.

*

Ya Kaltum ta daina suya tun ranar, tunda ba mai wucewa. Da ta gan mu ta gaishe mu da wushe, ta dubi Dzarma ta ce ashe yanzu masu gadi ne ke bincike, gobe kuma sai a kira mai moya ya yi alƙalanci. Dzarma ya ce in mai sayar da ruwan yana da ido, a kira shi. Ya roƙe ta ta faɗi abin da ta gani tun daga farko, kada ta tsallake komai.

Ta ce tana hura wuta ne ta ga motar ta shigo ba fitila. A cikinta dai akwai ɗan haske ja-ja, har ta hangi hula da farin gemu, amma nisa bai bar ta ta gane fuska ba. Sai ta ji ƙarar karo, sai harbi ya tashi daga nesa, ta kwashi kaskonta ta shige gida.

Na ce me ya sa ba ta faɗi maganar hasken ba.

Ta kira ni da laƙabin girmamawa irin na mutanen Borno ta ce, "Ba Abdulsalami, na faɗa. Sau uku na faɗa. Ba fitila kawai suka ji, suka tashi da ita."

Da muka fito Dzarma ya ce mai ɓoye kansa ba ya haska fuskarsa.

Ni kuwa hankalina yana kan garin katako. A layinmu kafinta ɗaya ne mai a-kori-kura, Abdulwahab, maƙwabcina na shekara talatin. Wata biyu da suka wuce sun yi cacar baki da Khalil kan ajiye keke a gaban shagonsa. Shi ne kuma na farko da ya fara matsawa daga gefena a sahu. Kafin mu isa shagon na riga na gama kama shi a zuciyata.

Motar tana waje, da lotsawa a gaba. Na nuna wa Dzarma. Ya sa farce ya kankare wurin, tsatsa ta zubo. Ya ce wannan lotsawar ta girmi damina biyu. Ya auna faɗin taya da kara, ya ce ba ita ba ce, wannan tayoyinta da sauran haƙora.

Abdulwahab yana tsaye da zarto a hannu yana kallon mu. Ya ce, "Abdulsalami, ni ka kawo wa mafarauci? Ni na yanka ragon sunan yaron nan."

Na ce shi ma ai ya bar mini fili a masallaci.

Dzarma ya tambaye shi su wa ke sayen garin katakonsa. Ya ce masu kaji, da mata masu murhu, da masu ƙanƙara. Tunda aka daina samun wuta, masu ƙanƙara ne ke kwashe kusan duka, da shi suke lulluɓe ta kada ta narke a hanya.

*

Da yamma Dzarma ya bi ni asibiti. Ya wuce masu benci ya gaishe su, ya tsaya a kan Khalil ya daɗe yana kallon sa. Ya tambayi Sista Edith, wadda ta karɓe shi ranar da aka kawo shi, ko ta lura da wani abu. Ta ce abu ɗaya ya tsaya mata. Da zafin nan na bazara, wuyan rigarsa da gashin ƙeyarsa a jiƙe suke sharaf, da sanyi, kuma da ƙyar ta wanke wani gari-gari daga cikin raunin. Ta ce ko wane ne ya sanyaya masa kai, ya rage kumburi, wataƙila shi ya sa ya iso da rai.

A hanyar komawa Dzarma ya ce wanda ya buge shi ya sauko, ya janye shi daga ƙarƙashin keke, ya kwantar da shi rigingine, ya sa masa dunƙulen ƙanƙara a ƙeya. Kafin a fito ƙanƙara ta narke, garin katako ya rage.

Na ce to me ya sa ya gudu.

Ya ce, "Malam, kai da safiyar harbi aka same ka tsaye a kan yaro cikin jini, wa za ka fara yi wa bayani?"

Masu ƙanƙara uku ne ke shigowa layinmu da a-kori-kura: Gana, da Manasse, da Ba Ajimi. Washegari muka zagaya muka ga motocin. Iri ɗaya ne, duka tsofaffi, duka tayoyi sun suɗe, duka gabansu a lotse kamar gwangwani. Biyu daga cikin masu su suna da furfura a gemu. Sawu ba zai raba su ba. Na ce mu tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Dzarma ya ce duk wanda aka tambaya a garin nan cewa zai yi ba ya nan, ko da gaisuwa ce. Ya ce baki ya iya ƙarya, mu tambayi hannu.

*

Bulama ya yarda da ƙyar. Aka aika wa mutum ukun cewa ana neman su da motocinsu a ƙofar gidansa bayan magariba, kafin dokar hana fita, su biyo ta bakin layi don a nuna wa jama'a babu abin da aka binne. Dzarma ya riga ya zagaye sawun Khalil da duwatsu, ya nuna wa Bulama da dattawa da idonsu. Madam Phoebe ta zo da fayil ɗinta. Ya Kaltum ta fito da kujerarta. Abdulwahab ya zo ya tsaya nesa da ni. Masu gora ma sun turo mutum ɗaya. Hadari ya haɗu sosai, duhu ya sauka da wuri.

Gana ya fara shigowa, fitilu a kunne, ya miƙe sak ya wuce. Manasse ya biyo shi, har yana ɗaga wa mutane hannu.

Ta uku ta zo a hankali. Tana isa inda ake tsayawa a da, manyan fitilunta suka mutu. Ɗan haske ja-ja ya kama a ciki, ga hula, ga farin gemu. Motar ta kauce hagu, ta dawo dama, ta sake kaucewa hagu, tana zagaye durom ɗin da aka kwashe tun kwana goma sha bakwai.

Ya Kaltum ta ce a hankali, "Ita ce."

Motar ta tsaya. Ba Ajimi bai fito ba. Muna ganin sa a cikin hasken yana kallon hannunsa a kan makunni, kamar hannun wani ne. Dattijo ne da ya haura sittin, kowa ya san shi, shi ke ba yara ɓarɓashin ƙanƙara kyauta.

Da ya sauko bai jira tambaya ba. Ya ce shekarar bara a wani shinge ya manta bai kashe fitila ba, harsashi ya fasa gilashinsa ya wuce ta gefen kunnensa. Tun ranar, in ya zo inda ya saba ganin shinge, hannunsa ba ya shawara da shi. Ya san an kwashe wannan, da idonsa ya gani. Safiyar nan idonsa yana kan inda durom suke a da, hasken ciki ya hana shi ganin waje, bai ga keken ba sai da ya ji shi. Ya janye yaron, ya sa masa ƙanƙara, yana shirin ɗaukar sa sai harbi ya tashi.

Ya juyo wurina ya ce, "Sau huɗu na zo ƙofar asibitin. Ina ganin bencin sai in juya. Na ji abin da ake faɗa a kan ɗanka, na yi shiru. Wannan ya fi bugun muni, na sani."

Ina kallon sa ina ganin abu ɗaya ya kashe masa fitila ya kuma sauko da ɗana daga kan keke, kuma ni ma abin nan ne ya yi magana da bakina.

Madam Phoebe ta nemi takardar inshorarsa. Ya ɗauko ta a cikin leda, a ninke da kyau. Ta haska da tocila ta juya ta, ta ce babu kamfani mai wannan suna. Ya ce a gindin bishiya ya saya wurin masu yi wa direbobi takardu, kuma shekara bakwai yana nuna irin ta a shinge ba wanda ya taɓa cewa ba ta da kyau. Ta ce ta nunawa ce kawai, ba ta biya ba ce.

*

Magatakardan Bulama ya zauna zai rubuta sabon bayani da za a kai a gyara rahoto. Phoebe ta ja ni gefe. Ta ce yanzu magana ta koma kan sharaɗin nan na direban da ba shi da inshora, kuma akwai abin da ya kamata in sani kafin a rubuta. Takardar ta ce kamfani zai biya raunin da direba ya ji yana kan tuƙi. Wanda ya sauko yana tura keke da ƙafa, babban ofis yana iya cewa mai tafiya a ƙasa ne, ba direba ba. Ta ce ba za ta koya mini ƙarya ba. Amma Ba Ajimi bai ga ko yaron yana ciki ko yana waje ba, kuma in aka rubuta cewa an bugi keke aka tsaya nan, gaskiya ce.

Na dubi mutanen da ke tsaye. Na dubi saurayin mai gora. In aka bar sawun, an san wanda ya buge shi, amma ba a amsa abin da ya sa inji yake a kashe da makulli a aljihu ba. Wata guda, wata biyu, wani zai sake tambaya me yake yi a tsaye cikin duhu. A garin nan tambaya irin wannan ba ta tsufa.

Na tambayi Dzarma. Ya ce shi abin da ƙasa ta faɗa ya karanta, ba shi ke da ɗa ba.

Na koma wurin magatakarda na ce ya rubuta duka. Taku arba'in da ɗaya, yana tura kekensa, bisa umarnin mahaifinsa. Na ce ya sa sunana cikakke a wurin. Bulama ya sa hannu, dattawa uku suka dangwala. Ba mu kai gida ba ruwan farko ya sauko, kafin safiya bakin layi ya koma sumul.

Kwana biyu bayan haka na je asibiti na tarar an ɗauke bencin. Ranar Juma'a a masallaci na ji kafaɗa ta dafe tawa, ban juya ba, na san warin katako. Ba Ajimi yana zuwa ofishin 'yan sanda duk Litinin har a gama shari'arsa, kuma kullum da hantsi Sista Edith tana samun dunƙulen ƙanƙara a buhu a ƙofar ɗakin, ba ta taɓa ganin mai ajiyewa ba. Dzarma ya koma ƙofar gidan da ba kowa. Na kai masa hula wankakkiya, ya ce kansa bai saba ba, amma ya karɓa.

Yau kwana arba'in da uku. Phoebe ta aika fayil ɗin babban ofis ta hannun direban mota, ta ce ta rubuta musu cewa a Maiduguri tura keke a bakin shinge yana cikin tuƙi. Ba su amsa ba, kuma ban san abin da za su ce ba. Na aika wa Ammatullahi wasiƙa sau biyu, ban san ko ta isa ba. Ina zama a gefen gadon in dafa shayi a ɗan risho, kofi biyu, in sha ɗaya. Khalil yana numfashi, wani lokaci yatsun ƙafarsa suna motsi. Likita ya ce bai san ko zai farka ba. Ni kuma ban sani ba, in ya farka, ko zai tuna wanda ya ce masa ya sauka.